Yadda Jan Birona Ya Ƙare a Kumashi

Tun da na dawo daga Gana ban huta ba. A masallaci a tare ni, a kasuwar Jega a tare ni, har mai gyaran kekena sai da ya ajiye sifana ya ce, “Malam, wai gaskiya na an kama ka bakin iyaka?” Gaskiya ne, an kama ni. Amma tunda kowa ya ɗauki guntun labari yana yawo da shi, wani ma ya ce har ankwa aka sa min, bari in zauna in faɗe shi daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Sunana Umaru, amma in ka shigo Jega ka tambayi Umaru za a nuna maka mutum goma. Ka ce Jan Biro kawai. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Turanci, daga Dangamaji zuwa Kimba zuwa cikin gari, kuma har bayan na yi ritaya ban taɓa fita gida babu jan biro a aljihuna ba.

Ni ba mafaɗaci ba ne. A taka ni a kasuwa in ce ba komai. Amma a ɓata Turanci a gabana, wallahi ji nake kamar na tauna tsakuwa a tuwo. Mutum ya ba ka baya zai fita, ya ce maka “am komin”. Ina kake zuwa, kai da ka nufi ƙofa? Wani ya miƙe a taro ya ce sunayensa su ne wane da wane, kamar mutum uku ne cikin riga ɗaya. Kwandasta ya tsaya bayan mota yana ihu a yi “ribas bak”. To da can ribas gaba ake yi? Wanda ya fi ƙona min rai shi ne babban mutum, ga babbar riga ga digiri, ya ce ya je wuri “sebrali”, wai sau da yawa yake nufi. Kun ga ban rubuta su da haruffan Turanci ba, hannuna ne ba zai yarda ba. Katin biki, allon shago, takardar sanarwa a bangon masallaci, duk wanda ya faɗo hannuna sai ya sha ja.

Wannan halin ne ya raba ni da ɗana.

Bashir ɗana ne na fari. A baki ba na kama sunansa, kun san mu da kunyar ɗan fari, amma takarda ba ta da kunya. Shekara takwas ke nan da ya bi motocin albasa na Aliero zuwa Kumashi, ya zauna can yana dillanci. Shekara shida da suka wuce, Sahabi, direban da ke kai albasa can, ya kawo min wasiƙa shafi biyu da Turanci, da sa hannun Bashir a ƙasa. Wasiƙar ta ce ya auri wata 'yar ƙasar mai suna Abena, sun sami 'ya mace, suna roƙon in sa musu albarka. Na fahimci abin da ke ciki sarai, ba zan yi ƙarya ba. Raina ya ɓaci da auren da ba a shawarce ni ba, amma maimakon in faɗi haka sai na zaro biro. Na bi ta layi-layi. Kalmar albarkar ma na zagaye ta, don an bar mata harafi ɗaya. A ƙasa na rubuta huɗu bisa goma, na ƙara da “a sake rubutawa”, na mayar wa Sahabi. Ba a sake rubutawa ba. Daga ranar ko waya ya yi, ƙannensa yake kira.

To ran nan bayan la'asar sai ga Sahabin nan a zaurena, ya zo daga Aliero a kan babur. An kira shi daga Kumashi: lodin albasa ya zame ya danne wa Bashir ƙafa, ƙwauri ya karye, yau kwana huɗu. A asibiti sun ɗauki hoton ƙashin, sun tallafe ƙafar, sun ba shi ranar aiki sai nan da mako uku, za a sa masa ƙarfe. Shi kuwa ya kafe, ya ce wanda ya tashi kusa da Aliero, garin masu ɗori, ba a sa masa ƙarfe a jiki, a kawo masa Manu.

Manu taubashina ne, ɗan kawuna, kuma mai ɗori ne na gado a Aliero. Bai taɓa shiga aji ba, amma yatsunsa suna karanta ƙashi yadda nake karanta jarida. Da na same shi ya ƙirga kwanakin a yatsa ya ce, “Ƙashi ba ya jiran kowa, Umaru. In ya wuce kwana goma a karkace, haka za shi fara kamawa, sai an sake karya shi. Gobe munka tashi, ran na tara muna can.”

Na ce, “Da ni za a. Kai ba ka jin Turanci, kana buƙatar tafinta.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Tafinta ko uba?”

“Tafinta.”

“To madalla. Shiga mota, tafinta.”

Uwar yaron, Kulu, tana tankaɗe na faɗa mata. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Allah shi kyauta,” kamar labarin ɗan maƙwabta na kawo. Amma da safe na ishe jakata a ɗaure, an cusa ƙullin kuka da daddawa da yaji, kuma na san ba don ni aka cusa su ba.

Ranar kwana na biyar da karayar muka tashi daga Aliero, mu uku a gaban mota, buhunan albasa a bayanmu. Wanda bai yi kwana biyar da albasa ba bai san albasa ba. Har yanzu hulata in ta ji rana sai ta tuna. A Maiyama muka tsaya shan koko da ƙosai, kuma nan Shaiɗan ya fara gwada ni: allon wani mai shayi, kalma huɗu, kuskure uku. Hannuna ya nufi aljihu da kansa. Manu ya damƙe min hannun riga ya ce, “Sha kokonka. Mai allo bai aike ka ba.” Na sha, amma bai yi min daɗi ba.

Muka bi ta Koko, muka ƙetare Kwara, kafin rana ta faɗi mun shiga ƙasar Binin. Sahabi ya ce wannan ita ce hanyar da kakanninmu fatake suka riƙa bi da jakuna zuwa Gwanja neman goro. Na gyara zama, na gyara murya, na ce yau Manu zai ga amfanin boko. Jami'in farko da ya leƙo na gaishe shi da Turanci mai kyau, irin wanda ba a samu a kasuwa. Ya kalle ni kamar na yi tari. Ashe nan Faransanci ake yi. Manu ya leƙa ta kaina ya jefa masa Zabarmanci, mutumin ya washe baki, suka shiga gaisuwa har da tambayar iyali. Gaba kaɗan wani ya tsare mu, Manu ya juya Fillanci, nan ma aka ɗaga mana sanda. Kwana biyu cur na yi a ƙasar nan ni ne kurma. In ina son ruwa sai in taɓa Manu, shi kuwa ya juya ya ce wa mutane, “Ku yi haƙuri da tafintana, bai jin magana.”

Abincinsu ba laifi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire min haƙori, amma akwai wani cuku da Fulanin can ke yi, a soya shi a jefa cikin miya, wannan kam na ci na ƙara. A Jugu muka kwana a zango, gidan wani dattijo mai saukar da baƙi. Da ya ji daga inda muke sai ya tashi tsaye, ya ce kakansa mutumin Jega ne, ya biyo ayarin goro bai koma ba. Ya tambaye ni wata rijiya da wata tsamiya da aka sare tun kafin a haife ni. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, tsaf, ba gauraye. Ya sa aka daka mana sakwara, ya hana mu taɓa buta da kanmu. Abin da ya ba ni mamaki a can da Togo shi ne mata. Mace ta ɗaure zane ta hau babur, goyo a baya, kwandon doya a gaba, ta wuce ka kamar iska, ba wanda ya waiwaya. Sannan da rana ta take kowa ya rufe ofis ya tafi ya kwanta. Mu a Jega wanda ya yi barcin rana haka sai a tambaya ko ba shi da lafiya.

Safiyar kwana na takwas muka iso bakin iyakar Gana, wani ƙaramin ofishi da ba zan faɗi sunansa ba. Ina sauka na ji Turanci ta ko'ina. Kai jama'a! Ji na yi kamar mai azumi ya ji kiran salla. Sahabi ya shiga da takardun mota, Manu ya zagaya alwala, aka bar ni ni kaɗai da wata sanarwa da aka manna a bango. Na karanta ta sau ɗaya na kau da kai. Na sake karantawa. Sun sa wa kalmar kaya alamar jam'i, abin da ko ɗan aji uku na sha dukan hannunsa a kai. Sun rubuta “ribas bak” ɗin nan da nake gudu tun daga gida, ashe ya riga ni ƙetare ƙasa uku. Na ce a raina ɗan gyara kaɗan ne, ba wanda zai gani. Ban farga ba na yi zagaye bakwai, har na fara rubuta bayani a gefe.

“Don Allah, Baba, me kake yi?”

Na juya na ga wata jami'a, doguwa kakkaura, ta riƙe ƙugu. A nan na fara koyon wata al'adar mutanen Gana: komai za su faɗa sai sun fara da “don Allah”. Don Allah zo nan. Don Allah ka san takardar hukuma ce ka ɓata? Don Allah zauna kan bencin can, kada ka motsa. Ban taɓa ganin an kama mutum da ladabi irin wannan ba. Ta karɓe takardun motarmu ta sa a aljihun tebur, ta ce sai shugabansu ya dawo daga gari.

Hantsi ya wuce, azahar ta wuce. Motocin da muka zo tare duk suka tafi. Manu ya zo ya zauna kusa da ni, kuma tun muna yara ban taɓa ganin fuskarsa ba wasa ba sai ranar. Ya ce, “Umaru, wagga takarda ba ta jin ciwo. Ɗanka na can shina jin ciwo. Mi kaz zo yi?” Ya miƙo hannu, na zaro biron na ba shi, ya jefa cikin jakarsa tare da tsagin tukurwar da yake ɗori da su.

Sai la'asar shugaban ya dawo. Ya tsaya gaban sanarwar ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya wa ya yi. Na miƙe. Ya ce, “Malamin makaranta ne kai?” Na ce shekara talatin da biyar. Ya yi dariya ya ce ya sani, uwarsa ma haka take. Hukuncina shi ne in sake rubuta sanarwar gaba ɗaya a sabon kwali. To nan fa aka zo gidana! Na ja layi, na zana haruffa ɗaya bayan ɗaya, jami'an suka kewaye ni suna kallo. Da aka manna ta, ita kanta wadda ta kama ni sai da ta ce, “Don Allah, Ticha, ka iya.” Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma daɗin bai kai mota ba, don Sahabi ya ce hanyar gaba ba ta biyuwa da lodi in rana ta yi sanyi, sai gobe. Na cinye mana yini guda.

Kwana na tara duk a hanya muka yi shi. A Tamale muka ci shinkafa da wake da suke dafawa da karan dawa ta yi ja, sunan ma namu ne suka ɗan murɗe, amma ban ji ɗanɗanonta ba. Ni dai ƙirga nake yi. Da hantsin kwana na goma muka shiga Kumashi.

Gidan babba ne, ɗakuna a kewaye, tsakar gida ɗaya. Na ɗauka za a kai mu wurin majinyaci kai tsaye, ashe ba haka suke yi ba. Aka jera mana kujeru. Mutanen gida suka zo suka bi mu da musafaha daga dama zuwa hagu, aka ba mu ruwa, sannan wata tsohuwa, uwar Abena, ta sa aka tambaye mu abin da ke tafe da mu. Sun san abin da ya kawo mu sarai, amma a al'adarsu baƙo sai ya faɗa da bakinsa. Kuma na lura a gidan nan maganar mata ita ce magana. Ta ƙofar wani ɗaki na hango Bashir kwance kan katifa, ƙafa a miƙe. Idonmu ya haɗu. Ya juya fuska bango.

Abena ce ta zauna gabanmu, 'yar siririya, ba fara'a ko kaɗan. Sahabi ya raɗa min cewa ita ba ta yarda da ɗorin gida ba tun farko, asibiti take so. Na ce wa Manu ai mai ƙafa ya yarda, mu shiga kawai. Ya girgiza kai.

“Ba haka gidanmu ka yi ba. Ɗori na yini ɗaya na, jinya ita ta kwana arba'in. Ita za ta hana shi takawa, ita za ta shafa mai, ita za ta ga in yatsu sun canza launi. In mai jinya ba ta amince ba, ba ni taɓa ƙahwa, ko ta ɗan sarki ta. Kai at tafinta, nemo min yardarta.”

Na miƙe na gyara riga. Na yi jawabi da Turancin da ban taɓa yin irinsa ba ko a ranar rabon kyaututtuka. Na kawo tarihin Aliero, na kawo gadon su Manu, na jero kalmomi masu nauyi. Da na gama sai Abena ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata leda, ta zaro takarda ta shimfiɗa a kan gwiwata. Tun kafin in duba na gane jan.

Ta ce, “Don Allah, Baba, ni na rubuta. Ba shi ba ne. Ya ce min babansa babban malamin Turanci ne, na ce to bari in gaishe shi da abin da yake so. Kwana uku ina rubutawa ina yagawa, da jaririya a hannu. Shi sa hannu kawai ya yi.” Ta nuna ƙasan shafin da yatsa. “Huɗu bisa goma. Mutumin da ya yi wa gaisuwa haka, yau ya kawo wanda zai ja ƙafar mijina, ya ce in yarda?”

Da Turanci take maganar nan, kuma ku ji irin halina: duk kuskuren da ta yi kunnena yana kamawa. Na ji biyar. Harshena har ƙaiƙayi yake. A lokaci guda kuma kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Shekara shida ina cewa yaro ya yi min rashin kunya, ashe ni na mari baƙuwa a bakin ƙofa.

Na dubi ɗakin, na ga ƙafar nan a kumbure. Sai na sauka daga kujera na durƙusa a gabanta. Ku da kuke Jega kun san abin da nake faɗa: suruki, da furfurarsa, a gaban matar ɗansa. Sahabi ya ce “Subhanallahi” ya kau da kai. Na buɗe baki, kuma ban nemi Turancin littafi ba. Turancin tasha na yi mata, ɗan guntu-guntu, irin wanda na shekara talatin da biyar ina hana yara. Na ce 'yata, na yi laifi. Takardarki mai kyau ce, ni ne ba ni da kyau. Abin da kika roƙa ban ba ki ba, yau na kawo. Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki da 'yarki. Ki ƙi ni in kin so, amma wannan tsohon ba ni ba ne, hannunsa bai taɓa ɓata abu ba. Yau kwana goma, ƙashi ba ya jira.

Tsohuwar ta ce mata wani abu da yarensu. Sannan Abena ta ce, “Don Allah, Baba, tashi.” Na ce ba na tashi. Ta share ido da bakin zane ta ce to tana da tambayoyi.

Tambayoyi kuwa ta yi su, sun fi ashirin, kuma ranar na yi aikin tafinta na gaskiya. Me zai shafa? Man kaɗe. Da me zai ɗaure? Manu ya zazzage jakarsa ya nuna mata tsagin tukurwa da farin ƙyalle. In ya ɗaure da ƙarfi jini ya tsaya fa? Ya kama hannunta ya nuna mata yadda za ta riƙa zura yatsa ƙarƙashin ɗaurin safe da yamma, in bai shiga ba ta kwance, kada ta jira kowa. Ya ce a kawo hoton asibiti. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya shiga ya shafa ƙafar, ya fito ya ce, “Hwaɗa mata da ƙashin ya huda fata, ko ya ruguje, da ni da kaina za ni ce a koma asibiti. Wanga karaya guda ta, kuma ba ta kama ba tukuna.” Ita kuma ta kafa nata sharaɗin: bayan ɗori za a koma a sake ɗaukar hoto, in likita ya ce bai daidaita ba, a yi aikin ƙarfe. Na fassara ina jiran Manu ya yi fushi. Ya yi dariya ya ce, “Wagga ita ta mai jinya. Na yarda.”

Muka shiga. Sahabi ya riƙe kafaɗu, aka ce ni in danne cinya. Rabon da in taɓa jikin yaron nan tun yana rarrafe. Manu ya yi bisimilla, ya shafa mai, sannan ya laluba jaka ya naɗe wani abu cikin hankici ya ce, “Ciza wanga.” Ya kama diddige ya ja, a hankali, a hankali, sai ya murɗa kaɗan. Na ji ƙashin ya koma a tafin hannuna. Bashir ya yi wani gurnani, wani abu ya ce ƙaras a bakinsa, sai ga ja ya ɓullo a hankicin. Abena ta ƙwalla ƙara, ta ce jini! Manu bai ko ɗago ba sai da ya gama jera tukurwarsa ya ɗaure. Sannan ya zare hankicin ya warware a gaban kowa. Jan birona ne, ya rabe biyu.

Sahabi ne ya fara fashewa. Abena ta duba biron, ta dube ni, ta toshe baki, dariyar ta ƙi tsayawa. Bashir, gumi sharkaf, leɓe ja, yana dariya yana cewa wayyo. Da ya lafa sai ya juyo, ya dube ni sosai, ya ce, “Baba, an zo lahiya?”

Na ce, “Lahiya lau.” Sai na fita waje don wani abu ya shigar min ido.

Bayan kwana uku aka kai shi hoto. Likitan ya duba na farko ya duba na biyu, ya ce a ci gaba da abin da ake yi, a dawo masa bayan mako biyu. Manu ya yi mako guda ya bi Sahabi gida. Ni na zauna, tunda duk safiya sai an kira shi a waya Abena ta ba da rahoto, kuma dole a sami tafinta. Na koyi cin dokunu, wato tuwon masararsu mai tsami, da kifi da barkono. Na ga jikata, wadda ashe sunan Kulu aka sa mata. Abena ta dafa miyar kukar da aka aiko, ta yi ruwa tsululu, na shanye na ce ta yi daɗi. Kullum tana yi min Turancinta, kullum kunnena yana kamawa, don hali zanen dutse ne, amma bakina bai sake buɗewa a kai ba. Jinya kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Ran da Bashir ya saci jiki zai taka kafin lokaci, tsawar da ta daka masa har ni sai da na zauna.

Ranar kwana arba'in da biyar aka kwance ɗori. Na ƙara mako biyu, sannan na kama hanya. A iyaka na ishe kwalina yana nan a bango, jami'ar nan ta hango ni ta ƙame ta ce, “Ticha!” Saboda haka masu cewa an sa min ankwa su ji da kyau: rubutuna ne ke tarbar duk wanda ya shiga Gana ta wannan ƙofa. Masu tambaya ko na tuba kuma, ban tuba ba. Na sayi sabon biro, kuma mai shayin Maiyama ya riga ya ji a jikinsa. Wasiƙa ce kawai ba na taɓawa.

Na iso Jega da yamma. Kulu ta kawo ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi Manu, ta tambayi ko ana ruwa a can. Ba ta tambayi abin da take son tambaya ba. Na ciro waya na ce ga wani abu da Abena ta ɗauka ranar da suka raka ni tasha. Ta ce, “Ni ina ruwana.” Can kuma ta ce wayar tawa ba caji, bari ta kai ɗaki ta sa min.

A cikin bidiyon Bashir ne yake tafiya a gabana, ba sanda, ba ɗingishi, jakata a kafaɗarsa, yana waiwayowa yana cewa, “Baba, ɗaga ƙahwa mana, mota za ta tashi.” Ina zaune a tsakar gida na ji muryar nan ta fito daga ɗakin Kulu. Ta ƙare, ta sake farawa. Ta ƙare, ta sake farawa. A karo na huɗu sai matar nan, wadda shekara talatin da huɗu ban taɓa jin ta nuna ta san yaron nan ba, ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka shigo ba sallama.